Tsofaffin finafinan Kirsimeti masu launi na cikin gida: tambayoyi da amsoshi

Da zarar Disamba ta kama, sai wasu gajerun finafinai su fara yawo a wayoyin mutane. Falon wani gida ne a Amurka ko Ingila, shekara sittin ko saba'in da suka wuce. Bishiyar Kirsimeti na ƙyalli a kusurwa, yara cikin kayan barci suna yayyaga takardun da aka naɗe musu kyauta, wata tsohuwa ta kare fuska da tafin hannu tana dariya. Babu murya, sai kiɗan da mai ɗorawa ya liƙa daga baya. Launin kuwa kamar jiya aka wanko shi. Masu kallo, har da waɗanda ba su taɓa taka ƙasashen ba, sai ka ji sun yi ajiyar zuciya sun ce lokacin duniya na kwance ke nan. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan waɗannan finafinai.

Su wane ne suka ɗauki finafinan, kuma da wace irin kyamara?

Magidanta ne kawai, ba masu sana'ar fim ba. A 1922 kamfanin Pathé na Faransa ya fito da siririn fim mai faɗin milimita 9.5 don amfanin gida, a 1923 kuma Kodak, wanda ke birnin Rochester a jihar New York, ya fito da mai milimita 16. Amma wannan na masu hannu da shuni ne. Sai a 1932, ana tsakiyar karayar tattalin arziki, Kodak ya fito da mai milimita 8, wanda ya rage tsadar ƙwarai. Dabarar tana da ban sha'awa: faifai ne mai ƙafa 25 na fim mai faɗin milimita 16. Kyamara na ɗaukar hoto a rabin faɗinsa, idan ya ƙare sai ka buɗe, ka juya faifan, ka ɗauki ɗaya rabin. A wurin wanki sai su tsaga shi biyu a tsaye, su haɗa bakin da baki, ya dawo maka ƙafa 50, wato kusan minti huɗu na kallo.

Galibin kyamarorin farko ba su aiki da batir. Wana su ake yi kamar agogon da, kuma wanawa ɗaya ba ta wuce ta kai ka rabin minti ba. Bayan yaƙin duniya na biyu, da aljihun ma'aikatan Amurka ya yi nauyi aka kuma shiga haihuwa ba ƙaƙƙautawa (jarirai wajen miliyan 76 tsakanin 1946 da 1964), sai kyamarar fim ta shiga jerin kayan da sabon uba ke burin mallaka. Kodak ya fito da mai araha, Brownie, a 1951. A 1965 kuma aka sami Super 8, wanda fim ɗinsa ke cikin ɗan akwatin roba da za ka tura cikin kyamara ka rufe kawai, babu zura zare, babu juya faifai. Akwati ɗaya minti uku da daƙiƙa ashirin yake yi.

Me ya sa launinsu bai koɗe ba har yau?

Amsar kalma ɗaya ce: Kodachrome, fim mai launi na kamfanin Kodak. Wasu makaɗa biyu ne suka ƙirƙiro shi, Leopold Mannes mai fiyano da Leopold Godowsky ƙarami mai goge irin na Turawa, abokai tun suna 'yan makaranta, waɗanda suka yi shekaru suna gwaje-gwajen sinadarai a gefe kafin Kodak ya ɗauke su aiki. Fim ɗin ya fito a 1935 a milimita 16, shekara ɗaya bayan haka ya fito a milimita 8.

Abin mamakin shi ne, fim ɗin da ke cikin kyamara ba shi da rini ko kaɗan. Shimfiɗa uku ce ta fim baƙi da fari a kan juna, ɗaya na amsar shuɗin haske, ɗaya kore, ɗaya ja. Sai a wurin wanki ake shigar da rini, shimfiɗa bayan shimfiɗa. Aikin yana da wahala da tsada, yana buƙatar manyan injuna da masana sinadarai a tsaye a kansu, shi ya sa ba wanda ke iya wanke shi a gida ko a shagon mai hoton unguwa. Amma ribar ita ce, bayan wanki babu sauran sinadarin rini da ya rage a jikin fim ɗin da zai ci gaba da lalata shi a ɓoye. Idan aka ajiye shi a duhu, wuri mai sanyi, sai ya yi shekaru gommai jansa na nan ja wur. Na shekaru ukun farko bai yi wannan ƙarko ba, sai da aka gyara hanyar wankin a 1938.

Kuma a yi adalci: launin Kodachrome ya fi na duniya kyau. Yana ƙara wa ja kaifi, yana zurfafa baƙi, yana sa fatar Bature ta yi ɗumi kamar wanda ya sha hantsi. To Kirsimeti biki ne na ja da kore da ruwan zinari. Kamar don shi aka yi fim ɗin.

To ai na ga wasu sun rine sun koma ja-ja gaba ɗaya?

Waɗannan galibi ba Kodachrome ba ne. Wasu nau'o'in fim, har da tsohon Ektachrome na Kodak ɗin kansa, rininsu na shuɗi da na rawaya kan riga na ja gudu. Idan biyun suka tafi, sai ya rage maka hoto ruwan hoda ko ja mai ratsin shunayya. Da kwamfuta ana iya maido da wani abu, amma launin da ya tafi sarai ba ya dawowa sai dai a ƙirƙira shi.

Me ya sa babu sauti?

Saboda kyamarorin ba su ɗaukar murya. Sai a 1973 Kodak ya fito da Super 8 mai ɗauke da siririn layin maganaɗisu a gefe don sauti, kuma bai yi farin jinin mara sautin ba, don ya fi tsada. A zamanin da ake kallon finafinan a gida, sautin da ke tashi shi ne ƙarar injin majigi da surutun 'yan kallo: wannan ya ce ga ni nan, waccan ta ce kai dubi sumar Baba.

Wannan shirun yana da hannu babba a cikin yadda muke jin finafinan a yau. Ba ka jin kukan jaririn da aka hana barci, ba ka jin gardamar surukai a kan siyasa, ba ka jin tsawar da uba ya daka wa yaro don ya tsaya a inda haske yake. Baki kawai kake gani yana motsi, sai ka ɗauka alheri yake faɗa. Sannan wani ya zo ya aza masa kiɗan fiyano mai taushi a kai. Ko rigimar rabon gado ka yi wa haka, sai ta fito kamar zumunci.

Me ya sa mutane ke runtse ido suna kare fuska, kamar masu jin kunya?

Wani lokaci kunyar ce, amma sau da yawa haske ne ke kashe musu ido. Kodachrome na farko makwaɗaicin haske ne. A ma'aunin saurin fim lambarsa 10 ce kacal, sai a 1961 sabon samfuri ya kai 25 a rana, 40 a hasken lantarki. Wayar da ke hannunka kan haura ɗaruruwa ko dubbai a wannan ma'auni idan ka shiga ɗaki. Ga shi kuma Kirsimeti na zuwa ne a tsakiyar hunturu, rana na faɗuwa da wuri, kowa na cikin gida. Maganin shi ne wani sandan ƙarfe mai ɗauke da ƙwan lantarki biyu ko huɗu, kowanne na ɗaruruwan wat, a ɗaura kyamara a tsakiya. Idan aka kunna, falo ya yi haske kamar wurin walda, ga zafi. Shi ya sa za ka ga fuskokin da ke gaba sun yi fari fat, bayan ɗaki kuma baƙi ƙirin, inuwa na bin bango. Yaro ya tashi daga barci da asuba yana murna zai buɗe kyauta, sai ya ci karo da wannan fitila. Ba mamaki ya rufe ido.

Me ya sa kusan kullum Kirsimeti ne, ko ranar haihuwa, ko bakin teku?

Nan ne ainihin maganar take. Ka tuna faifai ɗaya minti uku zuwa huɗu ne, kuma kuɗi ne: ka sayi fim, ka aika da shi ta gidan waya, ka jira kwanaki ko makonni ya dawo. A Amurka kuɗin wanki na cikin farashin fim ɗin har zuwa 1954, lokacin da hukumomi suka tilasta wa Kodak raba su don kada ya mamaye kasuwa shi kaɗai. A Ingila tsarin biya tare ya ci gaba, kuma tsofaffi da yawa har yau suna tuna ambulan ruwan ɗorawa da ake aikawa wurin wankin Kodak da ke garin Hemel Hempstead.

Mutumin da ke da minti huɗu a hannu ba zai ɓata su a kan ranar Talata ta wanki da guga ba. Jira zai yi sai ranar da aka share gida, aka yi girki, kowa ya sa kayansa masu kyau, dangi sun taru. A gidaje da yawa faifai ɗaya kan ɗauki shekara guda cur: ya fara da dusar ƙanƙarar wata Kirsimeti, ya ratsa ta bikin Ista da hutun bazara, ya ƙare a wata Kirsimetin. Ka yi lissafi. Shekara na da minti fiye da 525,000, kai kuma huɗu aka nuna maka, huɗun da mai gida ya zaɓa da hannunsa, bayan ya ce kowa ya yi murmushi ya ɗaga hannu.

Don haka idan mutum ya kalli faifan ya ce haka rayuwa take a 1958, kamar wanda ya zo gari ranar hawan sallah ne ya koma yana ba da labari cewa mutanen garin kullum a kan doki suke da alkyabba.

Ina uban gidan? Ba a cika ganinsa ba.

Yana bayan kyamara. A mafi yawan gidaje shi ne mai ɗauka, don haka za ka iya kallon faifai ashirin na iyali ɗaya ba ka ga fuskarsa ba sai na daƙiƙa biyar, ranar da ya miƙa wa matarsa kyamarar, hoton ya karkace. Wani lokaci inuwarsa kawai ake gani a kan dusar ƙanƙara. Mutane da dama da suka mayar da finafinan gidansu zuwa kwamfuta don su sake ganin mahaifinsu sun tarar ba shi a ciki, sai dai abin da idonsa ya tsaya a kai.

Uwar gida kuwa tana ciki, amma a gurguje. Ta shigo da tiren talotalo, ta yi murmushi, ta yi wa kyamara alama da hannu ta tafi can, ta koma kicin. Kwana uku da ta yi tana shirya wannan tebur babu wanda ya ɗauka.

Waɗanne kayayyaki ne waɗannan da ake yawan gani a ciki?

Bishiya mai ƙyalli kamar azurfa ta ƙarfen gorar ruwa ce, wato alminiyam. Wani kamfani a garin Manitowoc na jihar Wisconsin ya fara sayar da ita da yawa a 1959 da sunan Evergleam. Ba a rataya mata fitilu saboda tsoron jan wuta, sai a ajiye wani faifai mai launuka huɗu a gaban fitila yana juyawa, bishiyar ta riƙa sauya kala. Siraran zaren azurfa da ke zubowa daga rassa kuwa da dalma aka yi su, don ta fi nauyi ta fi kwanciya da kyau, kuma ba a daina sayar da su a Amurka ba sai 1972, saboda haɗarin dalma ga yara. Akwai ma lokacin da ake sayar da dusar ƙanƙarar ado da aka yi da asbestos, wani ma'adini mai illa ga huhu.

Kayan wasan yara na taimakawa wajen gane shekara. Idan ka ga 'yar tsanar Barbie, to ba a ɗauka kafin 1959 ba. Allon zane na Etch A Sketch 1960 ne, ɗan murhun wasa na Easy-Bake 1963, sojan roba na G.I. Joe 1964. Jirgin ƙasan Lionel da ke zagaye gindin bishiya ya girme su duka. A gidajen Ingila za ka ga manya da hular takarda a ka, an zauna gaban talabijin. Sarauniya Elizabeth ta biyu ta fara jawabin Kirsimeti ta talabijin a 1957. Sannan ga taba. Kowa da karansa a hannu, har wanda ke riƙe da jariri.

To wai da gaske rayuwa ta fi sauƙi a lokacin?

Ya danganta da wanda ka tambaya, da kuma shekarunsa a lokacin.

Akwai abin da gaskiya ne. A Amurkar shekarun 1950 da 1960, ma'aikacin masana'anta da ke cikin ƙungiyar ƙwadago kan iya riƙe gida da albashinsa shi kaɗai, ya sayi gida da mota. Dangi sun fi zama kusa da juna. Babu waya a hannun kowa, saboda haka idan an zauna, an zauna. Wanda ya ce yana kewar wannan bai yi ƙarya ba.

Amma mu leƙa wajen falon. A 1952 cutar shan inna ta kama mutane kusan 58,000 a Amurka, ta kashe fiye da 3,000, akasari yara, kuma rigakafin Jonas Salk bai samu ba sai 1955. Uwar da ke murmushi a faifan 1952 ta yi bazarar shekarar tana hana 'ya'yanta zuwa wurin iyo. A Disambar wannan shekara dai, hazo mai guba ya rufe Landan kwana biyar, ƙiyasin farko ya ce ya kashe mutum 4,000. Ingila ba ta daina rabon abinci da kati ba sai 1954, shekara tara bayan gama yaƙi. Yaƙin Koriya, daga 1950 zuwa 1953, ya ci sojojin Amurka sama da 36,000. Kirsimetin 1962 ta zo ne wata biyu bayan Amurka da Tarayyar Sobiyet sun kusa gwabza yaƙin nukiliya a kan Kyuba, ta 1963 kuma wata ɗaya bayan kashe shugaba Kennedy. A makarantu ana koya wa yara shiga ƙarƙashin tebur idan bam ya tashi. Har zuwa 1974 banki na iya hana mace bashi sai mijinta ya sa hannu.

A birnin Montgomery na jihar Alabama kuwa, baƙaƙen fata a ƙafa suka yi Kirsimetin 1955, domin tun 5 ga Disamba suka ƙaurace wa motocin bas bayan kama Rosa Parks, kuma sun yi kwana 381 a haka.

A ganina, sauƙin da mai kallo ke ji na gaske ne, sai dai ya ɗora shi a inda ba nan yake ba. Yawancin masu cewa zamanin ya fi sauƙi yara ne a lokacin. Ɗan shekara shida bai san kuɗin haya ba, bai san an rage ma'aikata a masana'anta ba, bai san abin da likita ya gaya wa kakarsa ba. Manyan da ke tsaye a bayansa a cikin hoton su ne suka ɗauke masa nauyin. Kuma da za ka tambaye su a ranar, da sun ce maka ai duniya ta lalace, Kirsimeti ta zama kasuwanci, a zamanin iyayensu ne ake yin ta gaskiya. Hausawa sun riga sun gama magana: kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Me ya sa kusan duk fararen fata ake gani?

Na farko, kuɗi. Kyamara, injin majigi, allon kallo, fitilu, fim da wanki, duk abin masu ɗan hali ne, kuma wariyar launin fata ta tsare baƙaƙe da yawa daga wannan hali. Na biyu, fim ɗin kansa da farar fata aka auna shi. Katin da masu wankin hoto ke daidaita launi da shi, wanda ake kira Shirley, hoton wata Baturiya ne. Fim mai ƙyamar duhu, a ɗaki mai ƙarancin haske, sai fuskar baƙin mutum ta nutse. Na uku, abin da aka fi tattarawa aka ɗora a intanet shi ne aka fi gani.

Amma finafinan baƙaƙen suna nan. Wani limamin cocin Baptist, Solomon Sir Jones, ya ɗauki rayuwar garuruwan baƙaƙe a jihar Oklahoma tsakanin 1924 da 1928, baƙi da fari, kuma suna ajiye a jami'ar Yale. Gidan tarihin baƙaƙen Amurka da ke Washington ma yana da shirin karɓar tsofaffin finafinan iyalai yana mayar da su na kwamfuta.

Ni ban rayu a lokacin ba, ba ƙasata ba ce, wataƙila ma ba bikina ba ne. Me ya sa yake taɓa mini zuciya?

Domin abin da ke ciki ka san shi. Yaro da sabon kaya, kaka da ke kunyar kyamara, kawu mai barkwanci da ke taka rawa shi kaɗai, tebur cike da abinci: ba sai an fassara wa kowa ba. Ƙari a kan haka, ka san abin da su ba su sani ba. Ka san manyan da ke ciki kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, jaririn da ake ɗagawa sama yanzu shi ne kakan wasu. Su kuwa suna ɗaga maka hannu kamar gobe ma rana ce.

Kalmar da Turawa ke kiran wannan kewa da ita, nostaljiya, asalinta sunan ciwo ce. Wani ɗalibin likitanci, Johannes Hofer, ya haɗa ta a 1688 a birnin Basel daga kalmomin Girkanci biyu, komawa gida da kuma raɗaɗi, don bayyana rashin lafiyar da ke kama 'yan Siwizalan da ke aikin soja a ƙasashen waje. An daɗe ana ɗaukarta cuta. A zamaninmu masana halayyar ɗan Adam, musamman Constantine Sedikides da Tim Wildschut na jami'ar Southampton, sun nuna cewa tana yawan tasowa ne idan mutum na jin kaɗaici, kuma takan rage masa kaɗaicin. An kuma lura cewa ɗacin abin da ya wuce ya fi zaƙinsa saurin dushewa a ƙwaƙwalwa. Wato ƙwaƙwalwar mutum ma aikin mai gidan nan take yi: tana zaɓen minti huɗunta.

Ban da tuna baya, suna da wani amfani?

Ƙwarai. Masana tarihi sun fi son abin da mai ɗauka bai yi niyyar ɗauka ba: motar da ta wuce a baya, kalandar bango, irin murhu, wanda ke zaune da wanda ke tsaye yana hidima. Wani lokaci kuma kyamarar gida ce kaɗai ke wurin. Fim ɗin da ya fi kowanne shahara na kisan Kennedy a Dallas ranar 22 ga Nuwamba 1963, wani mai sana'ar tufafin mata ne, Abraham Zapruder, ya ɗauka da kyamarar Bell & Howell mai milimita 8, a kan Kodachrome, tsawonsa daƙiƙa 26. Dave Tatsuno, ɗaya daga cikin 'yan asalin Japan wajen 120,000 da Amurka ta tsare a lokacin yaƙin duniya na biyu, ya ɗauki rayuwar sansanin Topaz a jihar Utah da launi, da kyamarar da aka shigar a ɓoye. Dukansu biyu suna cikin rajistar finafinan ƙasa ta Amurka. Tun 2003 kuma ake gudanar da wata rana ta musamman duk shekara a birane da dama, inda jama'a ke kawo faifan gidajensu masana su duba, a haska a kalla tare.

Ta yaya zan bambance na gaske da na jabu?

Tambayar ta zama dole, tunda yanzu manhajoji na ƙirƙiro "Kirsimetin 1955" daga babu. Na gaske kusan murabba'i yake, bai da faɗi irin na talabijin ɗin yau. Gutsure-gutsure ne na daƙiƙa biyar zuwa goma, hannu na rawa, kyamara na zarya daga fuska zuwa fuska. A farko ko ƙarshe ko tsakiya za ka ga wani haske ruwan lemo ya fantsamo, inda aka buɗe kyamara don juya faifai, wani lokaci da ɗigo-ɗigon farare na lambar da wurin wanki ya huda. Hasken ɗaki ba ya taɓa daidaita. Idan ka ga falo da dare ya haskaka ko'ina lumui, motsi sumul, kowa kyakkyawa, gida tsaf babu ko tokar taba, ka dubi yatsun hannu da rubutun da ke jikin kwalaye.

Akwai kuma na tsaka-tsaki: fim na gaske ne, amma baƙi da fari da aka shafa wa launi da kwamfuta, ko aka ƙara masa hotuna don motsin ya yi laushi. Alamar shi ita ce launin riga ya riƙa sauyawa yana kai da komo.

Idan na sami irin wannan faifai a kayan iyaye, me zan yi?

Kada ka ɗora shi a tsohon injin majigi don ɗokin gani. Fim kan tsuke da tsufa, haƙoran inji su yage ramukan gefensa. Kuma ka sani irin wannan fim ba shi da nagetif: zaren da ya ratsa cikin kyamara a ranar, shi ne wanda ke hannunka, babu na biyu a duniya.

Ka fara da shinshina gwangwanin. Idan ka ji tsami irin na ruwan khal, to jikin fim ɗin ya fara ruɓewa, kuma yana harbin na kusa da shi, sai a ware shi a gaggauta kwafe shi. Zafi da laima ne ke hanzarta wannan, don haka saman silin, gareji da ɗakin da ke shan rana su ne mafi munin wurin ajiya. Ba ya cikin irin fim ɗin silima na da mai kamawa da wuta, wannan kam ka kwantar da hankali. Wajen kwafewa, ka nemi masu injin da ke ɗaukar hoto ɗaya bayan ɗaya, ba masu haska shi a bango su ɗauka da waya ba. Bayan an kwafe ma kada ka jefar da na asali. Idan babu kwanan wata, a gefen fim ɗin Kodak akwai 'yan alamomi, da'ira, murabba'i, mai kusurwa uku, da ke nuna shekarar da aka ƙera shi, sai dai suna maimaituwa duk shekara 20, don haka sai ka haɗa da irin tufafi da motoci.

A ƙasar Hausa irin wannan faifai bai yawaita a gidaje ba. Waɗanda suka fi ɗauka Turawan mulki ne da 'yan mishan da ma'aikatan kamfanoni, kuma da yawa sun tafi da su gida. Ma'ajiyar tarihi ta birnin Bristol na riƙe da tarin finafinan da irin waɗannan mutane suka ɗauka a ƙasashen da Ingila ta mulka. Namu tarihin yana cikin kaset ɗin bidiyo na biki da suna da sallah da Kirsimeti na shekarun 1980 da 1990, kuma shi ya fi Kodachrome saurin mutuwa, ga injin kunna shi na neman gagara. Ko fim ne ko kaset, aikin da ya fi gaggawa ba na inji ba ne: ka zaunar da dattijuwar gidan ku gabansa, ka rubuta sunan duk wanda ta nuna.

Har yanzu ana iya ɗaukar fim irin wannan?

Super 8 na nan da ransa, Kodak na sayar da shi har yau, ya ma dawo da Ektachrome a 2018, sai dai da tsada, kuma masu sha'awa ne da 'yan fim ke saye. Kyamarar bidiyo ce ta kore shi daga gidaje a shekarun 1980: kaset mai awa biyu, ga sauti, ga kallo nan take.

Kodachrome kuwa ya tafi. An daina yin na Super 8 a 2005, aka rufe wurin wankinsa na Lausanne a Siwizalan a 2006, a 2009 kuma Kodak ya sanar da daina shi gaba ɗaya, bayan shekara 74. Wuri ɗaya ya rage a duniya mai iya wanke shi, wani shagon iyali mai suna Dwayne's Photo a ƙaramin garin Parsons na jihar Kansas. Da suka ce daga 30 ga Disamba 2010 ba za su ƙara karɓa ba, sai ambulan suka yi ta kwarara daga ƙasashe daban-daban, mutane na zazzage durowa da firiji, har sai da aikin ya kai su cikin Janairun 2011 kafin su kashe injin. Wanda ya tsinci faifan Kodachrome da ba a wanke ba a cikin tsohuwar kyamarar kakansa a yau, akwai masu iya fito masa da hoton, amma baƙi da fari.